Ƙamus: Sunan Teku

Ƙamus kalmar Larabci ce, asalin ma'anarta teku mai zurfi. Firuzabadi, malamin lugga da ya rasu a farkon ƙarni na 15, ya raɗa wa babban littafinsa suna Alƙamusul Muhiɗ, wato tekun da ya kewaye komai. Littafin ya karɓu a zaurukan malamai har sunansa ya zama na duk wani kundin ma'anonin kalmomi, har da na Bargery na Hausa da Turanci da ya fito a 1934.

Ni dai ina ganin sunan ya dace, musamman ga mai koyon Turanci. A 2010, da gubar dalma ta hallaka ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Dareta ta Anka da 'Yargalma ta Bukkuyum, jaridun Turanci sun cika da kalmar lead. Ɗalibin sakandare a Gummi da ya haddace "jagoranta" kaɗai sai ya yi cirko-cirko. Ƙamus kuwa ya ajiye kalmomi biyu masu rubutu ɗaya: ta jagoranci ana furta ta "liid", ta dalma "led", kuma tun a tsohon Turanci tushensu daban.