Wasan birij: Yaudarar da doka ta yarda da ita da wadda ta zama maguɗi

Birij wasan karta ne na mutum huɗu, biyu na karawa da biyu, kowa yana fuskantar abokinsa a tebur. Ana raba kati 52, kowa ya samu 13. Wasan ya samo asali ne daga wani tsohon wasan Turawan Ingila, kuma attajirin nan na Amurka Harold Vanderbilt ne ya tsara lissafin makinsa na zamani a 1925. Hukumar Birij ta Duniya, wadda aka kafa a 1958, ita ce ke kula da dokokinsa. Abin da ya bambanta shi da sauran wasanni shi ne dokarsa ta amince ɗan wasa ya yaudari abokin hamayya, amma ta gindaya sharaɗi guda: kada abokin wasansa ya san abin da abokan hamayya ba su sani ba.

Yadda ake tayi

Kafin a ajiye kati ko ɗaya, sai an yi tayi kamar na gwanjo. Kowane ɓangare yana faɗin adadin zagayen da ya yi alƙawarin ci daga cikin 13, da kuma nau'in katin da zai rinjayi saura. Ana ƙirga tayin ne daga saman shida, wato wanda ya ce “ɗaya a zuciya” ya ɗauki alƙawarin cin zagaye bakwai, da kati mai alamar zuciya a matsayin mai rinjaye. Tayi mafi tsada shi ne kwantiragin da za a buga.

A wannan mataki, tayin shi ne kaɗai harshen da abokan wasa ke da izinin magana da shi. Ana auna ƙarfin hannu da maki: manyan katuna huɗu na kowane nau'i suna da maki 4, 3, 2 da 1, jimilla 40 a duk kartar. A al'ada, mai maki kusan 12 ne ke buɗe tayi. Saboda haka wanda ya buɗe, tamkar ya shaida wa abokinsa ne cewa hannunsa na da ƙarfi.

Wajibi ne abokan wasa su bayyana ma'anar da suka amince a kai game da kowane tayi. Suna rubuta tsarinsu a takardar da abokan hamayya za su duba, suna kuma ankarar da su idan tayi na da wata ma'ana ta daban.

Tayin yaudara

Tayin yaudara, wanda 'yan wasan ke kira “saik”, shi ne mutum ya yi tayin da ya yi hannun riga da katin da ke hannunsa, da gangan. Misali, mai maki uku kacal ya buɗe kamar mai 13, ko ya ambaci nau'in da kusan ba shi da shi, domin abokan hamayya su tsorata su bar kwantiragin da ya kamata su ɗauka. Ana danganta yaɗuwar dabarar da 'yar wasan Amurka Dorothy Rice Sims a farkon shekarun 1930.

Doka ta 40 cikin dokokin gasa ta ba ɗan wasa damar kauce wa tsarin da ya sanar, matuƙar babu wata fahimta ta ɓoye tsakaninsa da abokinsa. Hikimar a nan ita ce mai yaudarar ya sa kansa a haɗari, domin abokinsa ma ya ruɗu, yana iya ɗaga tayin har ya kai su ga mummunar asara.

Matsalar takan taso ne idan abin ya zama ɗabi'a. Wanda ya shekara goma yana wasa da mutum ɗaya ya san lokacin da yakan yi irin wannan tayi, sai ya riƙa taka-tsantsan ba tare da katinsa ya nuna dalili ba. A nan doka ta ɗauki sabon a matsayin yarjejeniya, wadda dole a bayyana ta. Hukumar birij ta Ingila tana rarraba irin waɗannan tayi zuwa kore, ruwan ɗorawa da ja, gwargwadon yadda abokin mai yaudarar ya nuna alamar ya gane, kuma ja yana jawo a sauya maki.

Haka nan doka ta 73 ta haramta yaudara da jiki: yin jinkiri alhali babu abin tunani, ko gaggawa, ko sauya murya. Idan kuma abokin mutum ya yi jinkiri na gaske, doka ta 16 ta hana a ci gajiyar abin da jinkirin ya nuna.

Manyan zarge-zargen maguɗi

A gasar duniya ta 1965 a Buenos Aires da ke Ajantina, an zargi 'yan Birtaniya Terence Reese da Boris Schapiro da nuna wa juna adadin katin zuciya ta yadda suke jera yatsunsu. Hukumar ta duniya ta same su da laifi, amma binciken da aka yi a Landan ya wanke su.

A 1975 a tsibirin Bermuda, an zargi wasu 'yan Italiya biyu da taɓa ƙafar juna a ƙarƙashin tebur. A wannan gasa an riga an sa labulen katako tsakanin abokan wasa don kada su ga juna, sai aka ƙara toshe ƙasan teburin.

Badaƙala mafi girma ta ɓarke ne a 2015, lokacin da ɗan wasan Norway Boye Brogeland ya zargi 'yan Isra'ila Lotan Fisher da Ron Schwartz a bainar jama'a. Masu sha'awar wasan suka duƙufa nazarin hotunan bidiyo na gasanni. Daga nan aka zargi Fulvio Fantoni da Claudio Nunes, 'yan Italiya masu buga wa Monako, da isar da saƙo ta hanyar ajiye kati a tsaye ko a kwance. 'Yan Jamus biyu suka amsa laifi da kansu. Isra'ila, Monako da Jamus duk sun janye daga gasar duniya ta shekarar a Chennai da ke Indiya. A 2018 kotun sasanta rikicin wasanni ta duniya ta soke dakatarwar da hukumar Turai ta yi wa Fantoni da Nunes, bisa cewa hujjar ba ta wadatar ba, ko da yake hukumar Amurka ta riga ta kore su.

Abin da ake sa ran ɗan wasa ya yi

A manyan gasanni yanzu ba a furta tayi da baki, ana zaro shi ne a rubuce daga akwati, ana kuma ɗaukar bidiyon tebur. Duk wanda ya ga an cuce shi, alƙalin gasa zai kira, ba gardama zai yi da abokin hamayya ba. Alƙalin na da ikon sauya maki, ya kuma rubuta tayin yaudarar a kundi, domin a gane idan waɗannan abokan wasa sun mayar da shi al'ada.