Ƙattin Ƙanƙara da Malamin da Ya Tsare Labarinsu

Mutanen da suka zauna a ƙuryar arewacin Turai, a ƙasashen da yanzu ake kira Norwe da Suwidin da Danmak, waɗanda wasu daga cikinsu suka ratsa teku suka sauka tsibirin Aisilan wajen shekara ta 870 miladiyya, sun kasance a zamanin jahiliyyarsu suna da wata riwaya game da mafarin duniya, wadda duk wanda ya ji ta zai gane cewa mazauna ƙasar sanyi ne suka ƙaga ta, domin kuwa abin da ya fi razana su a rayuwa, wato hunturun da ke daskarar da kogi ya kashe dabba a garke, shi suka ɗauka suka mai da shi kakan talikai.

A zancensu, kafin a yi sama ko ƙasa akwai wani gawurtaccen rami wanda babu komai cikinsa, sunansa Ginnungagap. Daular hazo da ƙanƙara tana arewa da shi, daular wuta tana kudu. Da koguna suka malalo daga arewa suka daskare a cikin ramin, hucin wutar kudu kuma ya riske su, sai ƙanƙarar ta soma ɗiga, daga ɗigon nan aka sami wani basamude mai suna Imir, uban dukan ƙattin ƙanƙara. Yana barci gumi ya karyo masa, namiji da mace suka fito daga hamatarsa, ƙafarsa ɗaya kuma ta haifi ɗa da ɗayar. Abincinsa nonon wata saniya ne, Audumla, wadda ita kuma ke rayuwa da lasar ƙanƙara mai gishiri. Tana cikin lasa gashin mutum ya bayyana a rana ta farko, kai a ta biyu, a ta uku mutum sukutum, shi ne Buri. Ɗansa Bor ya auri Bestla, 'yar wani ƙato, ta haifa masa Odin da 'yan'uwansa biyu, su ne suka taru suka kashe Imir, jininsa ya yi ambaliya ya halaka ƙattin duka in ban da Bergelmir da matarsa, waɗanda daga gare su zuriyar ta sake yaɗuwa. Da naman gawar suka yi ƙasa, da jinin teku, da ƙasusuwan duwatsu, da ƙoƙon kan sama, ƙwaƙwalwar kuwa suka watsa ta sarari ta zama gajimare.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa, a ganina, shi ne nasabar da ke tsakanin ɓangarorin nan biyu, wato ƙattin da zuriyar Buri. Wanda ya ji labarin sama sama zai zaci ƙattin nan abokan gaba ne kurum, alhali mahaifiyar Odin, shugaban abubuwan bautar mutanen arewan, daga cikin ƙattin ta fito, ashe kenan yaƙin da aka yi ta yi rikici ne na dangi. Gaskiya ne Tor, ɗan Odin, aikinsa shi ne ya nufi gabas da gudumarsa yana farfasa kawunansu, amma kuma a cikin abubuwan bautar Freyr ya auri Gerd, 'yar ƙato, Njord kuma ya auri Skadi, ita ma 'yar ƙato, wadda aurensu ya ƙi zama saboda ita ba ta iya barci da kukan tsuntsayen teku, shi kuma ba ya jure haushin kyarketai na kan tudu. Bayan auratayya akwai ilmi. Da yake ƙattin ne suka riga kowa zuwa, su ne ma'abota sanin al'amuran farko: rijiyar hikima ta Mimir tana ƙarƙashin saiwar itacen duniya da ta miƙe wajen ƙattin ƙanƙara, kuma Odin bai sami kurɓi ɗaya daga cikinta ba sai da ya ba da idonsa jingina, haka nan ya ɓad da kama ya tafi gidan ƙato Wafturudnir domin su yi muƙabala a kan asalin duniya da ƙarshenta, kowa ya sa kansa a caca. Ƙarshen nan ma na ƙattin ne, domin bayan hunturu uku a jere ba tare da bazara a tsakani ba za su taso a yi gumurzun da ake kira Ragnarok, Odin da Tor su mutu, wuta ta cinye ƙasa. Al'ummar da ta yarda cewa abin bautarta zai sha kashi a hannun sanyi da wuta, al'umma ce da ta zauna tsakanin tsaunukan ƙanƙara da duwatsu masu aman wuta, ta san iyakar ƙarfin ɗan Adam a gabansu.

To, ta yaya wannan hikaya ta tsira bayan addinin da ya haife ta ya gushe? A shekara ta 999 ko 1000 majalisar Aisilan, wadda aka kafa tun 930 a Tingbellir, ta yanke hukuncin karɓar Kiristanci, kuma da an bi al'adar duniya da labarin Imir ya bi masu shi kabari. Sana'ar waƙa ce ta cece shi. Mutanen tsibirin sun shahara da waƙar fada, suna zuwa wurin sarakunan Norwe suna yabonsu a sallame su da zoben zinariya, waƙarsu kuwa cike take da kinaya mai wuyar warwarewa, ta yadda mawaƙi ba zai ce sama ba sai ya ce ƙoƙon kan Imir, ba zai ce teku ba sai ya ce jininsa. Wanda bai san ƙissar ba, baitin ya kulle masa. Bayan shekara ɗari biyu da sabon addini samari suka fara jahiltar waɗannan ishara, fannin ya kama hanyar mutuwa.

A nan ne Snorri Sturluson ya shigo. An haife shi a 1179, ya tashi a Oddi, gidan ilmi, a hannun Jon Loftsson, ya zama attajiri kuma shugaba, sau biyu yana riƙe muƙamin mai faɗar shari'a a majalisa. Wajen 1220, bayan ya komo daga Norwe, ya wallafa littafin Edda domin koya wa matasa arulin waƙa da balagarta, kuma saboda kinayar ba ta fahimtuwa sai da labarin, ya tattara riwayoyin ya jera su tun daga ramin farko har ƙonewar duniya. Shi Kirista ne, bai ɓoye ba: ya gargaɗi masu karatu kada su yi imani da waɗannan alloli, a muƙaddima ma ya ce mutane ne da suka yiwo hijira daga birnin Taruwada, jahilai suka bauta musu. Ɗalibin da ya san yadda malaman lugga irin su Asma'i suka bi ƙauyawan Larabawa suna tattara waƙoƙin jahiliyya domin tsare harshe, da yadda Ibn Kalbi ya rubuta Kitabul Asnam a kan gumakan da Musulunci ya rusa, ba zai yi mamakin wannan himma ba, zai ma girmama ta. Sai dai wajibi ne a karanta shi da lura, domin masana da dama suna ganin cewa ambaliyar jinin Imir da tsirar Bergelmir da matarsa sun ɗauki launi daga ƙissar Annabi Nuhu, alaihissalam, kamar yadda Snorri ya san ta a littattafan coci.

Snorri shi kansa bai yi kyakkyawan ƙarshe ba. Ya saɓa wa Sarki Hakon na Norwe, a watan Satumba na 1241 mutanen Gissur Torbaldsson suka auka gidansa na Reykholt da dare suka kashe shi, bayan shekara ashirin da 'yan kai kuma tsibirin ya shiga ƙarƙashin sarautar Norwe.

Tsofaffin waƙoƙin da ya dogara da su, wani marubuci da sunansa bai zo a littafin ba ya kwafe su a kan fatar maraƙi wajen 1270. Wannan kundi ya ɓace wa idon malamai har 1643, lokacin da ya faɗo hannun Brynjolfur Sveinsson, bishop na Skalholt, wanda ya aika da shi kyauta ga Sarki Frederik na Uku na Danmak a 1662, shi ya sa ake ce masa Kundin Sarki. Warƙa 45 suka rage a cikinsa, takwas sun salwanta daga tsakiya, kuma mafi yawan waƙoƙin da ke ciki babu su a wani kwafi dabam. Ya shekara fiye da ɗari uku a Kofanhagan, sai a watan Afrilu na 1971, bayan doguwar jayayya tsakanin ƙasashen biyu, aka ɗora shi a jirgin ruwan sojan Danmak aka mai da shi Reykjavik, inda dubban jama'a suka fito bakin gaɓa tarbarsa.