Kaza da 'Ya'yanta: Lissafin Taurari a Zazzau

Ilmin taurari a Birnin Zazzau ya girma ne a zaurukan malamai, kuma amfaninsa na farko shi ne sanin lokaci. Malamai sun gaji lissafin manzilolin wata 28 daga littattafan Larabawa. Kowane manzili, wato tauraro, yana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, abin da ya cika kwana 365. An raba su bakwai-bakwai tsakanin bazara, damina, kaka da ɗari. Manomi kan tambayi malam ko Haƙ'a ta kama, ko an shiga Ɗarfa, kafin ya yanke shawarar shuka ko noman biyu. Wanda bai yi karatu ba ma ya san Zara matar wata, ya san Gamzaki mai fitowa da asuba, ya san tarin taurarin nan da ake kira Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya.

Malaman ƙasar Hausa sun yi nisa a fannin. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu kan hisabi da taurari. Sai dai malaman jihadi sun ja layi: lissafin lokacin salla da alƙibla da damina halal ne, duba da taurari kuwa abin ƙi ne. Wannan rarrabewa ta taimaka ƙwarai, domin ita ta sa aka riƙe ilmin a matsayin lissafi. Batun ganin wata da lokutan ibada har yau yana cikin fiƙihu, fannin da ake nazari a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello, jami'ar da aka kafa a 1962.

A ilmin taurari na zamani kuwa, a 1995 masana a tsibiran Kanari na Sifaniya suka sanar da gano wani abu a cikin Kaza ɗin nan, suka sa masa suna Teide 1. Ya fi duniyar Mushtari nauyi sau da yawa, amma bai kai ya riƙa ci da wuta kamar rana ba. Irinsa ake kira wadan tauraro mai launin ruwan ƙasa. A shekarar ce kuma Michel Mayor da Didier Queloz suka gano wata duniya tana zagaya tauraron 51 Pegasi. Ba su gan ta da ido ba, sun gane ta ne daga 'yar rawar da nauyinta ke sa tauraron yi. Zuwa 2022 an tabbatar da irin waɗannan duniyoyi fiye da 5,000.