Sufeto Huɗu da Masaƙu 3,000: Yadda Dokar Kare Ma'aikata Ta Shiga Aji a Birtaniya

Dokar farko da majalisar Birtaniya ta yi don kare lafiyar masu aiki a masana'anta ta fito a 1802, kuma wanda ya kawo ta, Sir Robert Peel babba, shi kansa mai masaƙun auduga ne. Abin da ta tanada bai taka kara ya karya ba: kada yara masu koyon aiki su wuce awa 12 a rana, a shafe ɗakunan aiki da farar ƙasa sau biyu a shekara, a samar da tagogin shan iska, a koya wa yaran karatu da rubutu da lissafi. Sai dai an damƙa duba masaƙun ga alƙalin yanki da limamin coci, waɗanda galibi maƙwabtan mai masaƙa ne, ba su san inji ba, kuma ba wannan ne aikinsu ba. Dokar ta kwanta a takarda. Wanda ya bi shekaru 170 da suka biyo baya zai ga cewa irin wannan doka takan soma aiki ne a ranar da aka samu wani a wurin aikin da ya san ta, ya kuma san haɗarin da ya sa aka rubuta ta. Shi ya sa nake ganin koya wa ɗaliban kwaleji da jami'a dokar lafiya da tsaro a wurin aiki wani sashe ne na aiwatar da dokar kanta.

A 1833 aka gyara kuskuren farko. Sabuwar doka ta hana ɗaukar yaro ɗan ƙasa da shekara 9 a masaƙun auduga da ulu, ta taƙaita aikin 'yan shekara 9 zuwa 13 zuwa awa 48 a mako, sannan ta naɗa sufetoci huɗu masu albashin gwamnati da ikon shiga kowace masaƙa. Mutum huɗu da 'yan mataimakansu ga masaƙu kusan 3,000. Leonard Horner, wanda ya fi shahara a cikinsu, ya yi shekara 26 yana wannan aiki, yana fama da masu masaƙa da alƙalan da ke cin su tarar da ba ta kai abin a zo a gani ba. Ko sanin shekarun yaro ma sai da ya zama rigima, domin ba a fara rajistar haihuwa a Ingila ba sai 1837, likita ne ke kallon yaro ya ƙiyasta. Da dokar 1844 ta ce a killace sassan inji masu juyawa, masu masana'anta suka kafa ƙungiya a Manchester a 1855, kuma a shekarar da ta biyo baya suka samu aka sassauta sharaɗin. Sufeto yana da amfani, amma baƙo ne mai zuwa jefi-jefi, shi kuwa inji kullum yana juyawa.

A ramukan kwal ne aka fara gane inda gizo ke saƙa. Ran 16 ga Janairun 1862, a Hartley da ke arewa maso gabashin Ingila, ƙaton ƙarfen injin janyo ruwa ya karye ya faɗa cikin rijiyar shiga, wadda ita kaɗai ce ƙofar ramin. Maza da yara 204 suka mutu a ƙasa. Kafin shekarar ta ƙare aka yi dokar da ta wajabta wa ramin kwal mafita biyu. Amma matakin da ya fi tasiri a kan batunmu ya zo ne a 1872, lokacin da doka ta ce manajan ramin kwal sai ya mallaki takardar shaidar ƙwarewa, sabon shiga kuma sai ya ci jarrabawa. Gwamnati ta soma tambayar abin da ke cikin kan mutumin da ke ba da umarni, bayan shekaru tana duba ƙarfe da bango kawai. Daga nan ma'aikacin da ke son hawa matsayi ya riƙa zuwa ajin dare yana karanta yadda iska ke zagaya rami, da halin iskar gas, da abin da doka ta ce a kansu.

Labarin asbestos ya nuna abin da ke faruwa idan ilimi ya tsaya a ofishin sufeto. A 1893 aka ɗauki mata na farko a aikin sufeto, May Abraham da Mary Paterson, kuma a 1898 wata abokiyar aikinsu, Lucy Deane, ta rubuta gargaɗi a kan illar ƙurar asbestos ga huhu. Ba a yi ƙa'ida a kansa ba sai 1931, ba a kuma haramta shi gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999. A tsakanin nan injiniyoyi da masu zanen gini da suka fito daga makarantu masu kyau sun ci gaba da sa shi a jiragen ruwa, da makarantu, da asibitoci, domin abin da suka sani game da shi shi ne ba ya cin wuta. Har yau dubban mutane ke mutuwa a ƙasar duk shekara saboda ƙurar da suka shaƙa tun suna samari.

Ran 21 ga Oktoban 1966 tulin sharar kwal ya zaftaro kan makarantar firamare a Aberfan, ƙasar Wales, ya kashe mutum 144, cikinsu yara 116. An tara tulin ne a kan idon ruwa, kuma dokar ma'adinai ta lokacin ba ta ce komai a kan irin wannan tuli ba. Abin da ke da nauyi a zuciya shi ne shugaban hukumar kwal ta lokacin, Lord Robens, shi aka bai wa jagorancin kwamitin sake duba dokokin baki ɗaya. Rahotonsa na 1972 ya ce dokokin sun yi yawa, sun warwatsu, har mutane sun ɗauka tsaro aikin sufeto ne. Dokar 1974 ta juya lamarin: ta ɗora alhakin a kan wanda ke haifar da haɗarin da wanda ke aiki a cikinsa, ta wajabta wa mai aiki ya ba ma'aikatansa bayani da horo, ta kuma shigo da miliyoyin ma'aikata na makarantu da asibitoci da a baya babu dokar da ta san da su. A watan Yunin shekarar, masana'antar sinadarai ta Flixborough ta fashe, mutum 28 suka mutu. Bututun wucin gadi ne ya ɓalle, wanda aka zana da alli a daɓen ɗakin gyara, a lokacin da kujerar babban injiniyan injuna take babu kowa. Masu digiri na nan a wurin, amma babu wanda ya gane cewa aikin ya wuce iyakar saninsa. Bayan wannan ne tsaron masana'anta ya samu gindin zama a karatun injiniyan sinadarai, kuma a 1979 aka kafa NEBOSH, hukumar jarrabawa a kan lafiya da tsaro a wurin aiki.

Akwai masu cewa matsalar ba jahilci ba ce, ƙarfi ne: masu masaƙan 1855 sun san inji na yanke hannu, kuɗin killace shi ne ba sa son biya, don haka maganar ilimi hanya ce ta ɗora wa ma'aikaci laifi. Rabin wannan magana gaskiya ce, kuma an soki rahoton Robens a kan haka. Karatu ba ya maye gurbin sufeto da kotu da ƙungiyar ƙwadago. Amma a duba waye ɗalibin. Shi ne gobe zai sa hannu a zane, ya tsara aikin dare, ya yanke ko a tsayar da inji ko a bar shi. Idan mai kamfani ya matsa masa, sanin cewa doka na iya kama shi da kansa shi ne abin da zai dogara da shi ya ce a'a. Wasu kuma sukan ce manhaja ta cika, a bari ya koya a bakin aiki. A bakin aiki abin da ake koya shi ne al'adar wurin, mai kyau da marar kyau, kuma sabon ma'aikaci ya fi kowa shiga haɗari a watanninsa na farko, tun kafin ya koyi komai. Haka nan ana iya cewa raguwar mace-mace a wurin aiki a Birtaniya daga ma'aikata 651 a 1974 zuwa ƙasa da 150 a shekarun nan ta samo asali ne daga rufe ramukan kwal da manyan masana'antu. Lallai wannan ya taka rawa. Sai dai aikin gini bai rufe ba, kuma a can ma adadin ya sauka ƙwarai.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye, domin dokar masana'antu ta Najeriya ta 1987 an gina ta ne a kan tsohon salon Birtaniya na kafin Robens, wanda ke jiran sufeto ya zo. Ɗaliban kwalejojin fasaha kuwa sukan yi watanni suna sanin makamar aiki a masana'antun fata da roba na Sharaɗa da Chalawa da Bompai a Kano tun kafin su kammala karatu. Kafin a tura su, ya kamata a ce sun san dokar biyan diyya ta 2010: mai aiki ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikatansa a asusun NSITF, wanda ya ji rauni yana da kwana 14 ya sanar da mai aikinsa, da shekara guda ya shigar da buƙatar diyya.