Yaɓe da Damina: Tarihin Bangon Ƙasa a Yankin Kamba

Duk wanda ya tashi a Kamba ko Bagudo, can wajen iyakarmu da Nijar da Binin, ya san babban abokin gabar bango shi ne laima. Ruwan sama ya doke shi ta waje, damshi kuma ya hau shi daga tushe, balle a garuruwan bakin kogin Kwara. To, yaya kakanninmu suka yi da wannan?

Gini dai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kabi. Tun ƙarni na 16 Muhammadu Kanta ya kewaye Surame da ganuwar dutse da laka, ga kufanta nan har yau. Amma yawancin gidaje da ƙasa ake yin su, saboda haka magina suka ƙware wajen yi wa bango riga. Sukan jiƙa ɓawon ɗorawa su sami makuba, su kwaɓa ƙasar yaɓe da ita. Mai hali kuwa laso ake yi masa, wato katsin marina da dafara da gashin dabbobi. A kafa indararo don ruwan rufi ya zuba nesa da jikin bango. Kowace shekara kafin damina sai a sabunta yaɓe. Hikimar ita ce, irin wannan riga tana tare ruwa, kuma in bango ya sha laima tana barinsa ya bushe.

Da aka fara yin siminti a Kalambaina ta Sakkwato a 1967, sannu a hankali mutane suka ga sun huta da wahalar yaɓe. Mu ma a gidanmu an shafe zauren kakana da siminti. Damina huɗu kawai ya yi ya tsage. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ruwa ya shiga, ya rasa mafita. Ran da shafen ya ɓamɓare muka tarar ƙasar ciki ta yi laushi kamar tuwo, zauren da ya girmi mahaifina ya zube.

Ni ban ce a ƙi siminti ba, ya dace da bulo. Amma bangon ƙasa da irin rigarsa. Tsofaffin da suka san haɗin makuba da laso suna ƙarewa. Ya kamata mu ɗalibai mu je mu tambaye su mu rubuta, tun ba mu makara ba. Allah Ya sa mu dace.