Gurbin da Ba a Cike ba a Rahoton Ƙididdiga

A aikin ƙididdiga, gurbin da aka bari a fom ba daidai yake da sifili ba. Sifili yana nufin an ƙirga ba a samu komai ba. Gurbi kuwa yana nufin bayanin bai iso ba, ko don matsalar tsaro ta rufe asibiti, ko don rahoton wata ya makara.

Alal misali, a ce ɗakunan shan magani 10 ne a kewayen Yankara ta Ƙaramar Hukumar Faskari, 8 suka kawo rahoton yi wa yara 400 rigakafi. Idan aka cire biyun da suka rage, matsakaicin kowane ɗaki yara 50 ne. Idan aka rubuta musu sifili, sai ya faɗo 40, a zargi ma'aikata da sakaci a banza.

Manhajar Excel tana tsallake gurbi wajen fitar da matsakaici, amma tana lissafa sifili. A SPSS kuwa, lambar da aka ware wa "babu amsa", kamar 99, wajibi ne a ayyana ta tun farko, in ba haka ba ta shiga lissafi.

Ana buƙatar jami'an Faskari, Ƙanƙara da Sabuwa su riƙa rubuta yawan wuraren da aka cire a ƙasan kowane jadawali kafin aikawa Katsina, domin sau da yawa su ne ƙauyuka masu wuyar shiga.