Kifi da Maganin Ƙwari: Tarihin Wani Ma'auni

Maganata a yau ita ce yadda masana suka daina jiran kifi ya mutu kafin su san ruwa ya ɓaci.

A shekarar 1939 Paul Müller, mutumin Suwizalan, ya gano cewa DDT na kashe ƙwari. A 1944 kuma Gerhard Schrader ya haɗa faratiyon a Jamus, ɗaya daga cikin dangin magungunan da ake kira oganofosfet. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙare, sai magungunan nan suka bazu a gonaki da dazuzzuka, ruwan sama kuwa ya dinga wanko su zuwa koguna. A 1954 aka fesa DDT a dajin da ke kewaye da kogin Miramichi na Kanada, 'ya'yan kifin salmon suka mutu birjik. Rachel Carson ta kawo wannan labari cikin littafinta Silent Spring na 1962.

Amma ƙidayar gawar kifi ihu ne bayan hari. A jikin kifi, kamar yadda yake a jikinmu, akwai sinadarai masu hanzarta aikin jiki, waɗanda ake kira inzayim. Ɗaya daga cikinsu, kolinestares, shi ne ke share saƙon da jijiya ta aika da zarar ya isa. Oganofosfet yakan ɗaure shi, saƙo ya taru, kifi ya kama karkarwa, iyo ya gagare shi, ya kasa kama abinci ko tsere wa maƙiyi. A ƙarshen shekarun 1950 Charles Weiss a Amurka ya nuna ana iya auna ƙarfin wannan inzayim a ƙwaƙwalwar kifin ruwan daɗi, a gane guba ta taɓa shi tun yana da rai.

Wannan ilimi ya shafe mu kai tsaye. Daga 1974 zuwa 2002 an yi shirin yaƙi da makantar bakin kogi a Afirka ta Yamma, har da Nijar da Gana. An riƙa zuba temefos, wanda shi ma oganofosfet ne, cikin koguna domin kashe tsutsar ƙudan da ke yaɗa cutar, aka kuma sa masana su dinga duba lafiyar kifayen, don kada a yi gyaran gangar auzinawa.

Saboda haka, duk ma'aikacin da aka ɗora wa kula da noman rani a bakin madatsar ruwa, kada ya ce ruwa lafiya lau don bai ga mushen kifi ba. A kai kifin ɗakin bincike a auna.